Yadda Ake Neman Aure da Kwamfutar Aljihu Ba Tare da An Buɗe Baki Ba

"Likita, ka tsayar da hannunka mana," in ji abokiyar aikina.

"A tsaye yake. Na'urar ce ba ta son zafi."

Idan ka taɓa son abokiyar aiki har harshenka ya yi nauyi, matso kusa, ɗan'uwa. Ni likita ne, na yi aiki a zamanin kwamfutar aljihu, 'yar abar nan mai faɗin tafin hannu da ake latsawa da tsinken roba. Da ita na riƙa tsayawa gaban likitar yara ta asibitinmu wata da watanni, ban ce mata uffan ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai ma ba za ka ce ba.

1. Samo abin da take bukata

An raba mana na'urorin, amma tata babu komai ciki sai agogo. Tawa kuwa tana da kundin magunguna, mai nuna awon maganin yaro gwargwadon nauyinsa. Ka ce za ka tura mata. Kada ka yi murmushi, masana sun tabbatar yana cin batir.

2. Saita su suna kallon juna

Kowace na'ura tana da 'yar baƙar taga a samanta. Sai an riƙe su kusa da kusa, ba motsi, kafin saƙo ya ƙetara. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ya san ciwon so, Allah ya saka masa.

3. Girgiza hannu

Za ka ga wani layi yana cika a hankali. In ya kusa ƙarshe, yi tari. Saƙo ya yanke ke nan, sai kuma gobe. Ka riƙa sauya dalili: yau zafi, gobe hasken taga, jibi keken majinyaci da ya gifta.

4. Kada ka kula 'yan kallo

Wani dattijo da ke kwance kusa da ƙofa ya tambayi babbar nas ko likitan da hannunsa ke rawa haka shi zai cire masa ɗinki.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji ta. "Rawar ba ta tashi sai likitar yara ta shigo."

Kai dai ka ci gaba da latsa allo kamar mai lissafi.

5. In an ce za ta tafi, ka sa caji

Labari zai zo an mayar da ita wani gari. Abinci zai daina shiga, za ka riƙa jin bugun zuciyarka ba sai da abin awo ba. Sai ka ƙudurta wannan karon za ka bar kundin ya wuce gaba ɗaya, kyautar bankwana. Amma na'urorin nan, in batir ya mutu, komai na ciki ya bi shi. Ni tunani ya sa na manta da caji. Na tsaya gabanta da baƙin allo, ina caccaka shi da tsinke kamar mai neman jijiya a hannun jariri.

Ta ce kada in wahalar da kaina, ai kundin yana cikin tata tun makon farko. Babbar nas ce ta tura mata, kafin ƙiftawar ido. Tsayuwar da take yi kullum kuwa, so take ta ga iya tsawon lokacin da hannun mutum zai yi rawa kafin bakinsa ya motsa.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, na gumi, na zaman gaban manya, na lefe, ba ruwan mai wannan rubutu, kuma kada a zo asibiti nemansa. Ni alkawarina na cika, domin har a wannan rana ban ce komai ba. Ita ce ta zare tsinken daga hannuna, ta sa a aljihun farar rigarta.

"Tunda na'urar ta mutu, ni zan isar da saƙon," in ji ta. "Gobe bayan an tashi aiki za ka zo gidanmu, yayana yana nan. Ka taho da bakinka."