Ragunan Sarkin Mabiya

Duk wanda ya ce Dutse ba ta haifi gwani ba, to bai san Alhaji Habibullahi Mai Raguna ba. Mutum ne da Allah ya hore wa fararen haƙora da basirar da ta fi ƙarfin hularsa. Shi ya fara gano cewa zamanin tsayawa a kara ana taya rago cikin rana ya wuce. Tsofaffin dillalai na can suna shafa gadon bayan dabba, shi kuwa yana shafa fuskar waya. Ganin yadda yake farautar mabiya a intanet, abokai suka laƙaba masa Sarkin Mabiya don tsokana, kafin su rufe baki ya sa an rubuta a gilashin motarsa.

Bana ya yi shiri na gaske. Gonar gadonsa ta Buji ya sayar, ya zuba kuɗin kakaf a ragunan layya, ya tara su a kangon da ke jikin gidansa. Ko dai su ƙare kafin Babbar Sallah gona ta dawo har da riba, ko a wayi gari ba gona sai bakunan cin dusa, domin kowa ya san darajar rago da safiyar Idi take faɗuwa.

"Kasuwa ta koma cikin waya," in ji shi a majalisa, yana kaɗa makullin mota. "Wanda ya tara jama'a ya gama ciniki."

Kuma ya tara su a shafinsa na sada zumunta. Duk Juma'a yakan raba katin waya ga wanda ya fi iya kirari. Ɗaliban Kafin Hausa, waɗanda ko kaza ba su da niyyar yankawa, suka yi masa caa. Mabiya suka kai dubbai, Alhaji na duba adadinsu kamar mai duba tukunya a kan wuta. Taron tsintsiya dai, ba shara.

Da farko sunan shafin Mai Raguna, sai ya ga sunan yana warin garke, ya mai da shi Habibullahi Gulobal. Abin da ake gani a ciki kuwa sai hamdala. Ga Alhaji cikin shadda. Ga Alhaji yana kurɓar shayi. Ga Alhaji ya jingina da mota yana hangen duwatsu, a ƙasa an rubuta nasiha kan sirrin nasara. Wata rana kunnen wani rago ya yi karambanin shiga hoto, nan take aka datse shi.

"Manyan kamfanonin duniya ba kaya suke nunawa ba," ya bayyana wa majalisa. "Suna suke ginawa. Ni ne sunan."

Ana cikin haka Hajiya Mu'minatu ta Jahun, wadda ta shekara da shekaru tana sayen ragon layya a hannunsa, ta yi kuskuren rubutu a ƙarƙashin wani hoto: "Alhaji, bana akwai raguna? Nawa ne matsakaici?" Alhaji ya ji kamar an watsa masa ruwan dusa a gaban baƙi. Ya goge tambayar. Ta sake, ya toshe ta.

"Mai tambayar farashi a bainar jama'a ba mai saye ba ne, ɗan zubar da aji ne."

Hajiya ba ta yi fushi ba. Ranar kasuwa ta hau keke mai ƙafa uku, ta sayi nata a hannun wanda ya amsa sallamarta.

Sallah na matsowa, raguna na ƙiba, buhunan dusa na ramewa. Tsoro ya fara kama Alhaji, ko da yake bai yarda ya kira shi da sunansa ba. Maganin da ya samo shi ne ya ƙara sabon bidiyo, inda ya yi wa matasa huɗuba cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Mabiya suka yi ta jero masa addu'a, kowa na haɗawa da lambar wayarsa.

Ranar jajibiri da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Malam Saifuddeen ne, malamin makaranta, wanda bai taɓa barin hoton Alhaji ya wuce bai yaba ba. Ya zo ne ya ga gwaninsa ido da ido su ɗauki hoto. A bayansa, cikin keken da ya kawo shi, wani ramammen rago ne ɗaure yana haki.

Suna gyara tsayuwa sai kango ya ɗauki kuka. Malam ya leƙa ta katanga, ya riƙe baki.

"Masha Allah! Ranka ya daɗe, a ina ka samo waɗannan? Wallahi mu duk unguwarmu sai da muka tafi kasuwar Shuwarin, dubi abin da na samu da tsadar tsiya. Don Allah ka taimaki mabiyanka, ka sa mana lambar mai sayar da su a shafinka, ko don baɗi."