Buhun Ƙoda a Taron Ɗiyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗiyata Hadiza ta yi jawabi a tsohuwar makarantarsu ta 'yan mata a nan Illela ba. Ni dillalin albasa ne, ita kuwa binciken ƙwayoyin halittar jiki take yi a jami'a. Wannan ne karo na farko da za ta tsaya gaban malaman da suka koyar da ita, ta kwana uku tana shiri. Aka zaunar da ni sahun gaba, kusa da shugabar makarantar (har babbar riga na sa, a wannan zafi).

Aka rufe tagogi, aka haska hoto a bango. Hadiza ta ce ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo cikin wasu 'yan ƙunshi ƙanana da ake kira eksosom. Ƙwaya ta ɗaure saƙo ta sake shi cikin jini, ya yi ta tafiya har ya isa ga wata, ta buɗe ta yi aiki da shi. A raina na ce ai wannan sana'ata ce.

'Yan ƙunshin nan suna ta shawagi a bango, shuɗi-shuɗi, a hankali. Fanka na juyawa. Sai na ga jinin ya zama hanyar Konni, babu ƙura, babu shinge. Buhuna suna tashi sama da kansu, marasa nauyi, suna wuce gonakin Amarawa. Ni kuma ina tsaye cikin wata ƙwaya mai sanyi ina sallamar direbobi. Can na hango wani ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

"Kai, aje shi. Wanga buhu na ƙoda na, ba na hanta ba."

Muryata ce ta tashe ni. Hulata kuwa na kan cinyar shugabar makaranta.

"Alhaji, mi kac ce?" in ji ta.

'Yan mata suka fashe da dariya. Hadiza ta dube ni ta ce a lasifika, "Baba ya yi gaskiya, ba kowace ƙwaya ke karɓar kowane ƙunshi ba." Aka tafa mata.

Da mota ta kai mu ƙofar gida, Hadiza ta juyo gare ni. "Baba, minsharin ya fi maganar ƙarfi."

Yanzu duk taron ilimi, bakin ƙofa nake tsayawa, a kan ƙafafuna.