Rigakafin da Ya Yanke Shinkafar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gabatar da bincikena na digiri na biyu a Birnin Kebbi, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Na daɗe ina karanta labarai a rediyo kafin in koma makaranta. Na tarar masu nazarin labaran ƙarya sun gaji da bin ƙarya a baya suna ƙaryatawa, sun koma wani salo da suke kira rigakafi: ka ɗanɗana wa mutane ƙaramar ƙarya, sannan ka nuna musu yadda aka ƙulla ta. Na ce zan gwada a kan manoman shinkafa.

Sai na naɗi saƙon murya biyu. Na farko ya ce za a sako ruwan madatsa nan da kwana uku, fadamar Zauro za ta nutse. Na biyu ya bayyana cewa na farkon ƙarya ne. Na tura wa manoma ashirin ta waya (da muryata ta karanta labarai, wai don aikin ya yi kyau). Na farkon daƙiƙa arba'in ne. Na biyun minti shida.

Ranar gabatarwa, ina tsakiyar bayanin nasarata, malamar da aka gayyato ta duba aikin ta ɗaga wayarta.

"Malam, ko za ka fassara mana wannan? Surukata ce ta turo min daga Argungu."

Ta kunna. Muryata ta cika ɗakin, tsaf, ko tuntuɓen harshe babu.

"Ta haɗo da na biyun, ranki ya daɗe?" na tambaya.

"Akwai na biyu?"

Ba wanda ya yi dariya. Na so a yi.

Daga nan na hau babur zuwa Zauro. Na iske Kawuna zaune bakin gonarsa, lauje a gefe. Ya yanke shinkafar duka tana ɗanya, saura mako biyu ta nuna. Na durƙusa na fara yi masa bayanin rigakafi.

"Ni ban san wannan ba, ɗana," in ji shi. "Da wani na ji, da na tambaya. Muryakka ta. Kai ba ka taɓa yi muna ƙarya ba."

Makaranta ta ce in sake babi ɗaya. Ba wanda ya faɗa min yadda ake sake shinkafa.

Har yau ina karanta labarai, kuma na tabbatar rigakafin yana aiki. Ko ganin wata na sanar, mutanen Zauro sai sun fita waje sun duba da kansu.