Ranar da Na Kashe Wutar Gida da Muciya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Mu'allim Sale ya zo gidanmu ba, ko na so in manta ma matan unguwarmu ta Shisha, a nan ƙasa mai tsarki, ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga taron suna ko biki sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Ku matsa wa Muhandisa ta zauna!" Injiniya ke nan fa, ni da ko firamare ban ƙarasa ba.

Maigidana Yusuf, wato Baban Hamudi, aikin wutar lantarki yake yi. Kahraba'i ake ce musu a nan. Tun da aka kawo ni gidansa nake zaman ɗar-ɗar da wannan sana'a. In ya saɓa jakarsa da safe, da filaya da tasta da salatif da wata mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, sai in raka shi da addu'a har bakin bene, kafin azahar kuma na kira shi ya fi a ƙirga. (Akwai ranar da ya ɗauka yana kan tsani, ya ce, "Maman Hamudi, wutar dai ba ta kashe ni ba, amma wayarki ta kusa.") Na roƙe shi ya koma tuƙin tasi. Na roƙe shi ya zauna a shagon kawunsa ya sayar da darduma da carbi. Sai ya ce carbi ba ya lalacewa a kira mutum gyara.

To amma aikin nasa na tsince-tsince ne. Zama yake a ƙofar wani shagon kayan wuta, yau a kira shi ya sa fanka, gobe shiru, jibi a ce ya zo ya canza ƙwan fitila a ba shi shayi. Aikin gaske yana unguwar Aziziyya, a manyan gidajen da ake saukar alhazai, kuma Mu'allim Sale ne ke riƙe da gyaran wutar da yawa daga cikinsu. Wanda ya ɗauka kafin Hajji ya samu aikin watanni, in ya yi kyau baɗi ma a neme shi. Baban Hamudi ya daɗe yana bin wannan ƙofa.

Shi kuwa Mu'allim yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ya tambayar mutum takarda. Sai ya ce zai zo gidanka shan shayi, ya zauna yana hira idonsa na yawo a bango. Cewa yake, wanda ya bar waya tsirara a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, me zai yi wa ɗakin baƙo?

Gidanmu tsohon gini ne, irin mai wuta kashi biyu, akwai soket na ɗari da goma, akwai na ɗari biyu da ashirin, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa Baban Hamudi ke manna jan salatif a kan masu ƙarfin. Ana gobe Mu'allim zai zo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sabunta, ya goge tablon (akwatin nan na bango da makunnan wutar gida suke ciki) har yana ƙyalli. Ni ko ɗan kunne bai taɓa goge min haka ba.

Da safe ya fita sayo 'ya'yan itace, ni ina kicin ina tuƙa tuwon shinkafa, don an ce Mu'allim ya gaji da kabsa, dafa-dukar nan ta Larabawa. Sai na ji Hamudi ya yi shiru. Duk uwa ta san shirun yaro mai rarrafe ba alheri ba ne. Na leƙo, na gan shi zaune gaban soket, bakinsa jawur. Na kurma ihu, na ɗauka jini ne. Da na zura yatsa sai na zaro salatif, ya tauna shi lugub.

Ban tsaya tunani ba. Na bi ɗakina da lungun da ke tsakanin ɗakuna na ɓare duk wani jan salatif da hannun yaro zai kai, na toshe soket ɗin da murafun roba farare da na daɗe da saye. Guntayen kuma na yi ɗage na manna su can sama a bango, kusa da tablon, da niyyar in baƙi sun tafi in mayar. Majalisin maza ban taɓa shi ba, tunda a rufe yake. Na ce a raina ai na haddace su, gidana ne. Na kuma ce in ya dawo zan gaya masa. Ya dawo, miyar kuka tana neman kamawa, na manta.

Bayan la'asar suka iso. Mu'allim ya shige majalisi da maigidan, matarsa Khala Rabi ta hauro wurina tana dafa bango tana tsine wa benenmu saboda gwiwarta. Babbar mace ce, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka tuna ba ka share bayan ƙofa ba. Ta ci tuwo, ta ce gishiri ya ɗan yi tsalle. Ta ɗauki Hamudi ta ce mashallah, kunnen ubansa. Can ta dube ni ta ce, "Ya binti, 'yata, an ce min ke ce mai kiran mijinki a waya yana bakin aiki. Tsoron wuta kike?"

Na ce shi ke nan, za ta je ta gaya wa mijinta kada ya ɗauki mutumin da matarsa za ta sauko da shi daga tsani. Sai na gyara zama na ce, "Ni, Khala? Ai ni ma saura kaɗan in zama kahraba'iyya. In ba ya nan ni nake duba komai." (Allah ya yafe min. Ni da ko cajar waya ba na zarewa sai na yi bismillah.)

Da aka zo wajen turare na tashi zan hura gawayi, ta ce in bari, hayaƙin gawayi yana riƙe mata ƙirji. Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan kaskon turare na lantarki, na tagulla, ya sha hannu har ya yi santsi. Ta ce na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta, duk inda za ta da shi take zuwa.

"Amma ɗari da goma ne. Leƙa ki kira mijinki ya nuna mana inda za a sa."

Da na kira shi da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ina! Wadda ta gama cika baki yanzun nan? Na ce, "Haba Khala, don wannan a tayar da maza daga hira?"

Na ɗaga matashi. Soket biyu ne a jere a wurin, farare tas, suna kallona kamar tagwaye. Na san a da jan salatif yana kan na dama. Abin da ban tuna ba, daman wa? Tawa in na fuskanci bango, ko tawa in na jingina da shi ina shayar da yaro? Khala tana kallona. Na cire murfin roba, na yi bismillah a zuci, na soka.

Da farko abin ya yi daɗi. Kafin ta gama zuba turaren har ƙamshi ya tashi. Na ce, "Kin gani ko? Wutar gidanmu ba ta wasa."

Ta ce, "Bai taɓa saurin kamawa haka ba."

Na ce, "Aikin gwani ne."

Ban rufe baki ba cikin kaskon ya yi ja kamar garwashi, turaren ya kama da wuta, ƙamshi ya koma ƙaurin ƙonanniyar roba. Sai ji muka yi tas! Wani baƙin hayaƙi ya tashi. Khala ta ce, "La haula!"

Ni a kaina wuta ta riga ta shiga bango tana bin wayoyi. Na tuna Baban Hamudi ya taɓa cewa in wani abu ya faru a kashe babban makunni na tablon. Na dangwara wa Khala yaro a kan gwiwar nan mai ciwo, na fita da gudu, mayafi ya tsaya a hannun ƙofa ban waiwaya ba. Amma in taɓa tablon da hannuna? Allah ya kiyaye. Na san abu biyu a ilimin wuta: ice ba ya ɗaukarta, roba ma haka. Na faɗa kicin na zaro muciya daga cikin kwanukan wanke-wanke, na tsaya ƙofar banɗaki na zura hannayena cikin silifas ɗin maigidan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na maƙale muciya a tsakaninsu. Na zungure murfin tablon, na rufe ido, na rafka wa babban makunni, ina ihu, "Gobara! Ku fito da yaro!"

Gida ya yi ɗif. Na'urar sanyaya ɗaki ta yi wani nishi ta mutu. Lungun nan ba taga, duhu ya rufe.

Sai ƙofar majalisi ta buɗe, fitilar waya ta haske ni.

Ku dai ku hango: kai ba ɗankwali, kitso ya kwana biyu, silifas a hannu, muciya a sama da guntun tuwo a jikinta. Mu'allim Sale ya kalle ni, ya yi sauri ya kawar da kai kamar yadda dattijo zai yi, amma bakinsa bai kawar ba. Ya ce, "Ish hada, mene ne wannan, ya Yusuf? Sabon kayan aiki ne ya fito ban sani ba?"

Na saki komai na faɗa kicin na tura ƙofa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Daga nan nake jin komai. Suka leƙa ɗaki, ba gobara ba dalilinta, hayaƙi ne kawai da Khala tana tari tana jijjiga Hamudi. Aka zare kaskon, aka mayar da wuta. Na ji Mu'allim ya ce a ba shi mita. Ya auna soket ɗin. Sai ya ce, "Ɗari biyu da ashirin. Ina alama?"

Baban Hamudi ya ce, "Na sa, Mu'allim."

"Ka sa. To aljanu ne suka cinye?"

Na san maigidan ya gane, na kuma san ba zai ambaci sunana a gaban baƙo ba ko da aikin zai tafi. Ina tsaye a bayan ƙofa sai na ji Khala ta fito lungu tana jan ƙafa. Ta ce wa mijinta, "Ba aljanu ba ne, Abu Nasir. Ɗaga kanka. Ga su can sun yi hijira."

Guntayen jan salatif, a jere a saman bango, daidai inda hannun gajeriyar mace zai kai.

Mu'allim ya yi dariya har da tari. Da ya lafa sai ya duba tablon da kyau. Ya ce ƙaramin makunnin ɗakin ya faɗi da kansa tun kafin mai muciya ta iso, haɗin wayoyin kuma tsaf yake, ba shi da abin cewa. "Amma alamar da farcen mace zai ɓare ba alama ba ce. Can Aziziyya alhaji zai ga jan salatif ya cire ya ɗaure bakin jakarsa. Ka zo ranar Asabar. Tunda ka san ciwon, kai za ka bi gini guda ɗaki-ɗaki da gwangwanin fenti."

Aikin yaran shago ke nan, aka ba mutumin da ya shekara da shekaru yana haɗa tablon. Ya karɓa, ya yi godiya. Makonni ya yi yana dawowa da yatsu jajaye kamar amarya ta sha lalle, kafin a miƙa masa aikin da ya je nema.

Kaskon kuwa, Khala ta naɗe shi a gyale ta mayar jaka, kuma wannan ya fi min dariyar mijinta zafi. Baban Hamudi ya karɓo shi daga baya ya canza masa waya ya mayar mata. Ta aiko da godiya, tare da saƙon cewa ƙamshin ba irin na da ba ne.

Da suka tafi ran nan na zauna ina jiran faɗa. Ya shigo kicin, ya ɗauki silifas ɗinsa ɗaya daga ƙasa, ya juya shi, ruwa ya ɗiga. Ya taɓa muciya, ita ma sharkaf. Ya kalle ni ya ce, "Maman Hamudi, duk gidan nan yau mutum ɗaya ne ya kusa shan wuta. Don Allah ki ci gaba da kirana a waya. Ya fi sauƙi."

Yanzu soket ɗinmu duk fenti ne, Hamudi ya lasa ya ji ba daɗi ya haƙura. Ni kuma in aka tambaye ni abin da ya shafi wuta, ko ƙwan fitila ne, cewa nake a jira maigida. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma gaskiya ne. Abin da ba su ƙarasa faɗa ba, farin kan kawai ake samu. Kanwar tana wurin mai ita.