Muryar da Aka Rataya da Zare

"Lafiya lau, sai dai gwiwa," in ji tsohon, yana dogara sandarsa a ƙofar zauren nunin. "Wai nan ne baje kolin naki? Na ɗauka bola na shigo."

Jikarsa ta taro shi. Tsofaffin wayoyin hannu ta rataya da zare tun daga rufi, kowace tana sakin saƙon muryar wata mace. Shi kuwa editan jarida ne a zamaninsa, sai wanda ya ga dama duniya ke ji.

"Ai bolar ta dace da kai, angona. Da ka zo da wuri, a tsakiya zan rataye ka."

"Zarenki ya yi kaɗan. Ni da manya ke layi a ƙofar ofishina?"

"Yanzu ko mai gyaran waya ba ya tashi ya ba ka kujera. Jiya wa ya buɗe maka saƙo?"

"Wayar ce makauniya."

"Mai wayar dai."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya cak. Daga wata waya mai fasasshen gilashi, muryar marigayiya matarsa ce ke fita, tana koya wa jikar yadda ake cire tawada daga aljihun riga. "Kakanki alƙalami ya aura," ta ce tana dariya, "ni wanki aka kawo ni."

Tun rasuwarta bai ƙara jin muryar ba. Ya juyo wajen jikar.

"Wa ya ba ki izinin fito da matata bainar jama'a?" Babu wasa a muryarsa.

"Ita ce, Kaka, tana gadon asibiti. Ta ce in sa ta inda za a ji ta." Jikar ta ɗauko almakashi. "Amma in ka ce a sauke, yanzu zan yanke."

Wata baƙuwa ta matso, ta kara kunnenta a wayar, ta yi murmushi ita kaɗai. Tsohon ya daɗe yana kallon baƙuwar.

"Mutane suna ji kuwa?"

"A intanet sun fi masu karanta jaridarka yawa."

"Ƙarya kike, mummuna."

"Tambayi wayarka, in ta yarda ta kula ka."

Dariya ta kuɓuce masa, ya share ido da hannun riga.

"Kin ci, ja'ira. Ajiye almakashin nan, ki kawo mini kujera. Ba ta gama magana ba."