Fatar Ragon Layya a Kan Bindiga

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ɗaure bindiga da fatar rago ba. Ko na so mantawa, Alhaji Isuhu ba zai bari ba.

Mahaifina maharbi ne a ƙauyenmu, kusa da Dogon Dutsi. Wannan gaskiya ce. Ƙaryar ita ce abin da na ɗora a kai. Shekaru ina zama a shagon Alhaji Isuhu da ke titin Gate City Boulevard, a nan Carolina ta ƙasar Turawa, ina ba mutane labarin namun dajin da muka kashe ni da tsoho, har suka sa mini suna Sarkin Baka. (Mutumin da bai gama firamare ba, yana lodin kwali a sito, ga 'yan jami'a suna shigowa da Turancinsu, da me zai yi taƙama?) Alhali tsoho bai taɓa barina na sa yatsa a kunamar bindigarsa ba.

Don sunan ya zauna, na sayi tsohuwar bindigar farauta, irin ta fim ɗin kaboyi, mai hannun ƙarfe a ƙasa da ake ja harsashi ya hau. Da na kai gida sai na ji bututun yana motsi a kan katako. Ban damu ba. Na sha ganin tsoho a gindin gawo yana yanka ɗanyar fatar akuya siriri siriri, ya naɗe bindigarsa tam, ya ɗora bisa rumbu. Kwana uku rana ta gasa ta, fata ta koma kamar ƙarfe. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda yake jan fatar da haƙori.

An yi sa'a makon Layya ne, na karɓo fatar ragonmu daga gonar da aka yanka. Maiɗakina Rakiya ta ce, "Malam, ka kai wa masu gyara mana."

Na ce, "Su suka koya wa ubana?"

Na naɗe, na rataye a gareji. Abin da ban lissafa ba shi ne iskar Carolina, wadda ko tawul ba ta busarwa. Kwana biyar Rakiya ta daina bi ta garejin. Ni kuwa na fesa turare, na nannaɗe bindigar a bargo, na ce daga ciki take bushewa.

Ranar Asabar, Mista Wade, wani tsohon Bature da muke aiki tare, ya gayyace mu filinsa a Pleasant Garden mu harbi gwangwani. Alhaji ya rufe shago, ya ɗebo mutum uku, a zo a ga Sarkin Baka. A hanya ya sauke gilashi.

"Sarki, ko ka riga ka yi farautar ne? Akwai mushe a motar nan."

Ina buɗe bargon, kowa ya ja baya, ban da karen Mista Wade. Ya cafki fatar, na riƙe gindin bindiga, yana ja ina ja (Allah ya taimaka babu harsashi a ciki), har na zube a taɓo da shaddar Sallata. Mista Wade ya toshe hanci, ya sa wuƙa ya yanke ruɓaɓɓiyar fatar. A ƙarƙashinta akwai wani zoben ƙarfe da ke riƙe bututun, da ɗan noti guda. Ya ciro sukundireba a aljihu, ya murɗa sau biyu. Bututu ya tsaya cak.

Sai ya miƙo mini bindigar da harsashi uku, ya nuna gwangwani. Na juya ta, na sake juyawa. Wallahi ban san ta inda ake zura su ba.

Na ce, "Alhaji, ban taɓa harbi ba."

Ya ce, "Ai mun sani tun ranar da ka kashe zaki a Dogon Dutsi. Labarin ne da daɗi, Sarki."

Har yanzu da sunan suke kirana, kuma ina amsawa. Bindigar tana nan a kabad, bututunta ƙyam. Abin da na koya dai shi ne, dabarar tsoho ta shigo jirgi tare da ni, amma ranar garinmu ba ta samu biza ba. Kuma kafin ka ɓata fatar rago, duba ko noti ne ya kwance.