Garin da Aka Hana Aljihu

A wani gari da ake kira Namu-Duka, an wayi gari wata Laraba Jam'iyyar Akushi Ɗaya ta karɓi mulki. Ta yi shela cewa daga ranar babu mai kuɗi babu talaka, gurguzu za a yi, komai ya zama na kowa. Mantau, sarkin garin, bai yi gardama ba. Ya warware rawani ya kafa jar hula, aka naɗa shi Babban Talaka. Fadawansa suka zama Majalisar Marasa Komai. Fada kuma aka sa mata suna Bukkar Jama'a, sannan aka ɗora mata bene, tunda jama'a suna da yawa.

Dokar farko da majalisa ta kafa ita ce hana aljihu. Suka ce wanda ba shi da abin kansa, me zai zuba a ciki? A aljihu son kai yake yin ƙwai.

Tela ɗaya ce a garin, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da wani baƙin keken ɗinki mai ƙafa, da shi take ciyar da su. Ranar da dokar ta fito aka zo aka cicciɓi keken zuwa Bukkar Jama'a. Ta yafa mayafi ta bi bayansa, ta durƙusa gaban Mantau.

"Ranka ya daɗe, kekena aka ɗauko."

"An soke ranka ya daɗe, 'yar'uwa. Ɗan'uwa za ki ce."

"To ɗan'uwa, ranka ya daɗe, kekena."

"Naki ne mana. Nawa ne, na mai gishiri ne, na kowa ne. Jiya keke ɗaya tal gare ki, yau kina da rabo har a motata."

"To a ara mini rabona na motar in kai itace gida."

"Motar tana hidimar jama'a."

Amma Mantau mutum ne mai tausayi. Ya ce ta zauna a zauren bene ta toshe aljihun kowa da kowa. Bayan girbi Mai Awon Daidaito zai zo daga hedkwatar jam'iyya. In ya auna garin ya ce gurguzun ya nuna, za a bar ta ta koma da keken gida, ta riƙe shi a madadin jama'a.

Wata biyu Tasalla tana taka keke. Ta toshe na riga, ta toshe na wando, ta toshe har ɗan ƙaramin nan na gaba da tsofaffi suke sa asuwaki. Mutane suka koma ajiye goro a kumatu, makulli a ƙarƙashin hula. Liman ya rataya carbi a kunne. A Kasuwar Ba-Ciniki aka ci gaba da saye da sayarwa kamar da, sai dai yanzu sunan abin musayar zumunci, kuma zumuncin kullum tashi yake yi. Magidanta suka rasa inda za su sa hannu, sai suka riƙa ɗora shi a ka. Jam'iyya ta ce alamar natsuwa ce.

'Yan majalisa kuwa ta ƙofar baya suke kawo rigunansu, bayan azahar.

"Ki toshe na waje," in ji Mantau, "ki buɗe wani daga ciki."

"Ba an hana aljihu ba, ɗan'uwa?"

"Wa ya ce miki aljihu ne? Rumbun jama'a ne. Ko so kike dukiyar kowa ta kwana a rana?"

Rumbun ma da girma-girma. Ɗan majalisa taƙi biyu, ma'aji kamu ɗaya, na Babban Talaka kuwa har gwiwa. Ba a daɗe ba suka fara tafiya a karkace. In sun wuce, mutane su ce Allah sarki, nauyin jama'a ne. Gishirin gari da sabulu da aka tara don a raba, su ma suka shiga hidimar jama'a, ba a sake ganinsu ba.

Da aka gama girbi Mai Awon Daidaito ya iso. Sunansa Malam Jatau, siriri, rigarsa ta koɗe, takalminsa na roba. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Aka kawo gasasshiyar kaza ya ce a ba shi ɗumame. Kwana uku yana yawo a kasuwa yana shafa kwiɓin mutane, bai sami aljihu ko na sa allura ba. Rana ta huɗu ya shigo zauren da Tasalla take aiki, babu kowa sai su biyu.

"Baiwar Allah, ke kika taɓa rigar kowa a garin nan. Tsakaninki da Allah, akwai sauran aljihu?"

Tasalla ta dubi keken. In ta ce babu, gobe zai kwana a ɗakinta. Ta dubi takalmin robar mutumin, ta tuna makonta shida tana wanke 'ya'yanta da ruwa zalla. Kuma ya haɗa ta da Allah. Ta jawo rigar Mantau da take gyarawa, ta juya masa cikinta.

Malam Jatau ya zura hannu. Hannun ya shige har kafaɗa bai taɓa ƙasa ba. Ya zaro shi ya dube ta.

"Ke kika ɗinka wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Kuma ba ya yagewa?"

"Ninki biyu nake yi, in bi shi da zaren buhu."

Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya sa mata albarka.

Ranar Juma'a aka tara mutane a kasuwa ya karanta sakamako. Ya ce ya zaga garuruwa da dama bai ga inda gurguzu ya nuna luguf kamar Namu-Duka ba. Ciwo ɗaya ya rage. Akwai wata mata da shaidu suka ji ta sau goma sha ɗaya tana cewa "kekena". Don a raba ta da wannan cuta, za a tafi da keken hedkwata, inda babu mai cewa nasa ne. Aka ɗaure shi a bayan mota. 'Yan majalisa suka tafa. Sauran jama'a ma sun so su tafa, hannunsu ne duk da kaya.

Tasalla ta koma gida ta shiga wankau don yara su ci.

Bayan mako ɗaya wani dattijo ya yi sallama a ƙofarta da ƙunshi a ka. Ta kwance, ta ga riguna goma sha biyu, da allura ɗaya, da ƙullin zaren buhu.

"Malam Jatau yana gaishe ki," in ji dattijon. "Ya ce keke ya isa lafiya, amma duk hedkwata an rasa mai iya ninki biyun nan. Tasa ce ta sama, koɗaɗɗiyar. Ya ce rumbunsa na ciki ya kai har idon sawu."